Yadda Muka Ƙara wa Kwamfutar Surukina Memori

Na daɗe da aure ban taɓa kallon fuskar surukina da kyau ba. Na san takalmansa, na san bakin rigarsa, na san tabarmar zaurensa na Tsafe, don a nan idona ke sauka in na durƙusa gaisuwa. Baba nake ce masa, kamar yadda matata ke ce masa. Shi kuma Malam yake ce mini, saboda ina koyar da lissafi a wata sakandare a Bungudu. Tsohon direban babbar mota ne, ya sha hanyar kudu har ya mallaki motocinsa na kansa, suna ɗaukar hatsi da shanu. Ciwon gwiwa ya sauke shi daga sitiyari, ya koma zaman zaure yana yi wa direbobinsa faɗa.

Wata rana, a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin jiharmu tana sabuwa fil, wani direbansa ya tsaya bakin makarantarmu ya ce Alhaji na nemana. Bai faɗi dalili ba. Na koma gida na tambayi matata ko ƙarata ta kai. Ta ce in da kaiwa za ta yi, da tuni ta kai.

Ranar Asabar na isa Tsafe. Ba a tsayar da ni a zaure ba, aka wuce da ni falonsa na ciki, inda ban taɓa sa ƙafa ba. A kan tebur akwai wani abu lulluɓe da leshi, irin wanda Hajiya, uwar matata, ke rufe kwanonin baƙi da shi. Baba ya tura ƙofa da sandarsa, sannan ya yaye leshin.

Kwamfuta ce, fara da ta soma komawa ruwan haƙori, da allonta mai ƙaton ƙeya.

"An ce ka karanci wanga abu," in ji shi.

Abin da na karanta ɗan kwas ne na lokacin hutu a Zariya, inda muke bin layi a bayan inji ɗaya. Amma a Tsafen wancan lokaci ya isa a kira mutum injiniya. Na ce, "Kaɗan dai, Baba."

"Ta aiki ce," ya ce. "Ta lissafin motoci."

Na ce Allah ya sa albarka. Ya dubi ƙofa, sannan ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro wani faifai naɗe cikin hankici. A jikin kwalinsa akwai hoton wata jar mota ta tashi sama, tayoyinta ba su taɓa ƙasa ba.

"Wanga ma ka duba ko yana shiga."

Daga baya direbansa ya ba ni labarin. Baba ya je Gusau a buga masa takardun mota a wani shago, ya tarar da samari sun yi cincirindo a bayan wani allo suna tseren mota. Ya tsaya zai yi musu faɗan ɓata lokaci. Har aka kira azahar yana tsaye, yana gaya wa mai tuƙin inda zai taka birki. Satin bai ƙare ba ya aika Kano aka sayo masa kwamfuta ta gwanjo.

Na kunna ta. Ta tashi da wani harshe mai dogayen kalmomi, ba Turanci ba, ba Faransanci ba, harshen ƙasar da aka kwaso ta. Da lalube na sa wasan. Jar motar ta bayyana a bakin layi, Baba ya matso da kujerarsa. Na danna. Motar ta yi tsalle ɗaya ta tsaya, ta sake tsalle, ƙarar injinta tana tsinkewa kamar mai shaƙuwa.

"Wagga ai hanyar Wonaka ce da damina," in ji shi. "Motar da na gani a Gusau ba haka take tahiya ba."

Na yi masa bayani ina kallon ƙafar tebur. Matsala biyu ce. Akwai tsarin da ake fara zuba wa kwamfuta kafin komai, shi ke karɓar umarni ya rarraba aiki, nata kuwa ba mu ma jin maganarsa, sai an share an zuba wani. Akwai kuma memori, wurin da take shimfiɗa aikin da ke hannunta, nata ya yi wa wasan kaɗan.

Baba ya jinjina kai. "Wato direba ba ya jin Hausa, bodi kuma ya yi ƙunci."

Na ce kusan haka ne. Tun daga ranar bai sake kiran su da wani suna ba.

Litinin na nemi izini a makaranta muka tafi Gusau. Ni a gaba kusa da direba, Baba a baya, kwamfutar a gefensa an tokare ta da matashin kai. Duk ramin da muka faɗa sai ya dafa ta ya zagi direban.

Masu gyaran kwamfuta biyu na sani a Gusau a lokacin, shagunansu na kallon juna a wani layi kusa da tasha, ba sa ga maciji. Ɗaya dattijo ne da ya faro daga gyaran rediyo, gilashinsa ɗaure da zare. Ɗaya saurayi ne da ya dawo daga Kaduna, yana ɗaura lakataye ko rana na narka kwalta. Na yi niyyar mu shiga wurin ɗaya mu gama. Baba ya ce shi bai taɓa sayen mota da bakin makanike ɗaya ba. Ya sa aka fito da benci, ya zaunar da su biyun a kai kamar masu shari'a, ya ce kowa ya faɗi direban da za a ɗauka.

A wancan lokaci, da shekara muke kiran tsarin, akwai na casa'in da biyar, akwai sabo na casa'in da takwas. Dattijon ya ce, "Alhaji, tsohon za ka sa. Ya san irin wannan inji, ba shi da nauyi, ba ya cin memori. Sabon nan ɗan gayu ne, kafin ya yi maka aiki sai ya gama kwalliya."

Saurayin ya gyara lakatayensa. "Ranka ya daɗe, duk wasan da zai fito daga yau don sabon ake yin sa. Shi wannan dattijo da za a bar shi, da baƙin allo zai mayar da kai, kana rubuta umarni kamar mai buga waya."

"Baƙin allon ne ya koya wa ubangidanka aiki."

"Shi ya sa ubangidana ya koma sayar da taki."

Mutane suka fara taruwa. Wani mai rake ya ajiye baronsa. Wani ya tambayi na kusa da shi ko rabon gado ake yi. Baba ya juyo wajena ya ce, "Malam, kai mi ka gani?"

Na goyi bayan dattijon, kuma har gobe ina ganin da gaskiyata. Injin ba yaro ba ne, tsohon tsarin zai bar wa wasan fili. Baba ya saurara, ya gyaɗa kai, har dattijon ya fara murmushi. Saurayin ya ga kasuwa za ta watse, sai ya ce, kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu, "Sai dai in Alhaji zai so jona sitiyari wata rana. Sabon ya fi karɓarsa ba gardama."

Baba ya ajiye sandarsa a cinya.

"Sitiyari?"

"Na gaske, mai zagaye. Har da totur da birki na ƙafa. Ana samu a Legas."

Dattijon ya ce tsohon ma yana karɓa in an san yadda za a lallaɓa shi, amma babu wanda ya ji shi. Shari'a ta ƙare. Da ni da kwas ɗina na Zariya, da dattijo da shekarunsa a bakin aiki, kalma ɗaya ta kayar da mu.

A kan memori ne kaɗai suka yarda da juna, su ma sai da abin ya ba su haushi. Aka kwance akwatin. Ramuka huɗu ne a ciki, biyu da 'yan sanduna koraye a tsaye, biyu babu komai. Abin da ke ciki mega sha shida ne, sabon tsarin da wasan kuwa ba za su sake ba sai da talatin da biyu. Saurayin ya ce sandunan gajeru ne, tsohon yayi, kuma bibbiyu ake sa su, iri ɗaya, ba a haɗa bare da ɗan gida.

"Kamar tayar baya," in ji Baba. "To a kawo."

Babu. Kowa ya koma sayar da dogayen. Saurayin ya ce sai Kano, dattijon ya ce ko Kano sai an dace. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya da irin kallon da yake yi wa direban da ya dawo ba jak.

A nan na tuna da wani ɗan bautar ƙasa da ke koyar da kimiyya a makarantarmu, mutumin kudu. Ya zo da kwamfutarsa daga gida, wuta ta dawo da ƙarfi wata rana ta ƙone ta, ya tura gawar ƙarƙashin gado. Na ce zan tambaye shi in kawo amsa ranar Asabar. Baba ya ce wace Asabar, Bungudu ba ga ta nan ba.

Haka muka shiga harabar makaranta ana tsakiyar darasi, da doguwar mota da Alhaji da babbar riga. Shugaban makaranta ya fito da sauri yana ɓalla maɓallin kwat, ya ɗauka daga ma'aikata aka zo. Da na ce surukina ne ya zo ganin ɗan bautar ƙasa, sai ya ja ni gefe ya tambaya ko yaron ya taɓa 'yar wani ne.

Ɗan bautar ƙasar ba ya jin Hausa in ban da gaisuwa da farashin doya, don haka ni ne tafinta. Ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ya buɗe. Sanduna biyu gajeru, iri ɗaya, na mega takwas takwas. Baba ya karɓa, ya ɗaga su a hasken taga, ya juya, sannan ya kai hanci ya shinshina.

"Ba su ƙone ba," ya ce. "Tambaye shi mi yake so."

Yaron ya ce ba sayarwa zai yi ba. Hidimarsa ta kusa ƙarewa, kuma a zamansa ya tara gado da katifa da buhun wake da wani rago da ya shaƙu da shi, ya rasa yadda zai kai su gida. Na fassara. Baba ya ce motarsa na sauka kudu kowane mako, a ɗora har shi mai kayan. Yaron ya ce ragon ba ya son zafi. Baba ya ce a gaya masa shanun da suka fi ragonsa daraja sun bi hanyar nan ba su kai ƙara ba. Wannan ban fassara duka ba. Aka yi musabaha, Baba ya naɗe sandunan a hankicinsa ya sa a aljihun ƙirji.

Asabar na koma Tsafe da faifan sabon tsarin da saurayin ya ba mu. Na fara da memori. Na sa sandunan, na kunna, allo ya ƙi haske, akwatin ya hau ƙara, ƙit ƙit ƙit.

"Tana kuka," in ji Baba. "Mi ka yi mata?"

Na kashe, na cire, na goge bakinsu da abin goge fensir kamar yadda aka nuna mana a Zariya, na mayar a karkace na tura har suka yi ƙas. Na sake kunnawa. Lambobi suka hau gudu a saman baƙin allo, suka wuce sha shida ba su tsaya ba, sai a talatin da biyu. Na nuna masa da yatsa. Ya ce, "Bodi ya buɗe. Saura direba."

Direban ya ci mana yini. Aka share tsohon, aka fara zuba sabon, wani layi shuɗi yana tafiya a allo kamar hawainiya, yana yi mana alkawarin lokacin da ba ya cikawa. Ya kai kusan rabi aka ɗauke wuta. Baba ya faɗi wata kalma ta tasha da ban taɓa zaton zan ji daga bakinsa ba, na yi kamar ina neman sukudireba a ƙasa. Aka tayar da janareta, muka sake daga farko. Hajiya ta aiko da tuwo. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, na ce na ƙoshi. Ya ce to, ya cinye nasa ya jawo nawa.

Bayan la'asar jar motar ta tsaya a bakin layi, injinta na gurnani sumul. Na nuna masa maɓallan, wannan totur, wannan birki, waɗannan hagu da dama. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya yi addu'ar hawa abin hawa har ƙarshenta. Aka ba da hannu. Sauran motocin suka fita kamar an harba su. Baba ya tashi a hankali, ya koma hannunsa na dama, ya kama gefen titi.

Na jira ya taka. Bai taka ba. Da ya hango kwana sai ya rage gudu tun daga nesa, ya shiga da ladabi, ya fita. Motocin suka zagayo suka same shi, suka wuce shi fuu ta hagu da dama.

"'Yan iska," ya ce. "Ina ham?"

Na ce babu ham.

"Sigina fa?"

"Babu, Baba."

"Mota ba ham ba sigina. To Allah shi kyauta."

Ya iso na ƙarshe, an daɗe da tashi. Allo ya rubuta masa matsayinsa da manyan haruffa. Ya jingina da kujera ya nuna motar. "Duba jikinta. Ko ƙwarzane babu." Na tuna rigimar benci, da tafiyar Bungudu, da ragon da za a kai kudu, duk don mota ta yi gudu. Na ce lallai babu.

Sai ya ce ya ga yaran Gusau suna yi su biyu, allo a rabe. In jawo kujera.

Maɓallan mutum biyu a kan faranti ɗaya suke. Ba yadda za a yi sai kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Na zauna a gefen kujera da rabin jiki, ina jin ƙamshin turarensa da na man zafin da yake shafa wa gwiwa. Aka ba da hannu. Ya kama damarsa da tafiyarsa ta ɗaukar amarya. Ni kuma na bi bayansa. Wane ni in wuce uban matata, ko a allo ne. In ya rage in rage, in ya taka birki in taka. Muka yi ta rarrafe mu biyu kamar masu rakiyar gawa, sauran motocin suna ta zagaye mu.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Malam, motarka ta lalace?"

"Lafiyarta lau, Baba."

"To mi kake yi bayana? Ni na tsufa, na ga abin da gudu ke yi. Kai mi ka gani? Wuce."

Na ce ai tafiyar ta yi daidai.

"Ɗiyata na ba ka, ban ba ka ita don ka riƙa bin bayan mutane ba. Wuce in gani."

Na danna totur har ƙasa. Motata ta zabura, na wuce shi, daɗi ya fara kama ni, kwana ta taso. Na nemi birki na danna hagu. Motar ta daki katanga, ta tashi sama, ta juya, ta faɗo a kan rufinta tana hayaƙi. Baba ya iso a hankali, ya rage gudu daidai inda nake, kamar mai jaje, ya kewaye ni ya wuce.

Sannan dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta har da tari, yana dukan cinya, hularsa ta zame. Ban san lokacin da na juya na dube shi ba. Ashe yana da wushirya, irin ta matata sak. Hajiya ta leƙo ta labule don jin abin da ya faru, ta gan mu kafaɗa da kafaɗa, ta saki labulen ta koma tana salati.

Da na koma Bungudu na ba matata labari, ba ta yarda ba. Ta ce Baban da ta sani ko rediyo ba ya bari a ƙure. Sai da ta je da kanta ta gani, ta dawo ta ce an sauya mata uba, kuma ni ta ɗora wa laifi.

Daga nan Asabar ta zama ta Tsafe. A zaure ba abin da ya canza, in durƙusa, in kalli tabarma, ya tambayi mutanen gida, in ce suna gaishe shi. Da mun shiga falo an tura ƙofa sai ya ce, "Zauna, mai kashe mutane." Sitiyarin ya iso daga Legas a motar shanu, aka ɗaure shi a bakin tebur. Sabon tsarin ya karɓe shi, ban da 'yar gardamar yini guda da saurayin bai ambata ba. Baba ya murza shi ya ce ba shi da nauyi, kamar murfin tukunya, amma bai sake taɓa maɓalli ba. Totur ɗin ƙafa kuwa da ƙafar hagu yake taka shi, don ta dama ce mai ciwon. A hankali ya fara sakin jiki. Ranar da ya fara zuwa na uku ya sa aka yanka kaji, ya ce wa mutanen gida sadaka ce.

Lissafin motoci dai ba a taɓa yin sa a cikinta ba. Limamin unguwa ya zo ya tambaya ko abin nan ba caca ba ne, Baba ya ce ya zauna ya gwada ya yanke hukunci da kansa. Liman ya faɗa rami tun a kwanar farko, ya tashi ya ce bai ga caca ba, amma ya ga ɓata lokaci.

Hajiya ce abin ya fi damu. Wata Asabar ta tare ni a tsakar gida, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya daga nesa tana kallon gefe. Ta ce tuwo yana hucewa, baƙi suna zaman jira a zaure, janareta ya hana kowa barcin rana. Ta ce ta ji ni na ƙara wa abin ƙarfi, to in rage masa. Na ce, "Inna, in na cire abin da na sa, zai gane." Ta ce to shi ke nan, in tafi.

Satin da ya biyo na tarar da Baba zaune gaban allo a kashe, hannunsa a kan sitiyari, fuska a murtuke. An ɗauke wuta tun safe. Na ce a tayar da janareta mana. Ya ce igiyar tayar da shi tana ɗakin Hajiya, cikin akwatinta, ba ta fitowa sai an yi la'asar an ci abinci, kuma da kiran magariba take komawa. Na ce ko in samo wata igiyar a kasuwa. Ya dube ni.

"Kai za ka koma Bungudu," ya ce. "Ni nan nake kwana."

Ya sa aka kawo mana fura, muka zauna muna jiran la'asar.